Shafin shago a intanet: wane masauki za a kama, kuma da sunan wa?

Tambayar ta fito daga wani Alhaji mai sana'ar kayan fata a unguwar Birni, nan Damagaram. Yana sayar da jakunkuna da takalma da matasan kai, masu sayensa suna Yamai da Kano, har da wasu a Faransa. Wani yaro mai ilimin kwamfuta ya ce zai yi masa shafin intanet, Alhaji ya riƙa ba shi kuɗi duk shekara shi kuma yaron ya ɗauki nauyin komai. Alhaji yana so ya san mene ne wannan masaukin da ake biya wa kuɗi, wanne ya fi, kuma ko ya amince da tayin.

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Zan fara da abin da ya fi damuna a cikin tambayar, domin ya fi zaɓen kamfani muhimmanci nesa ba kusa ba. Kalmar nan "komai" da yaron ya ce zai ɗauki nauyinsa ta ƙunshi abu uku daban-daban, kuma ɗaya daga cikinsu bai kamata ya fita daga hannunku ba ko da na kwana guda ne.

Na farko shi ne sunan shafin, wato adireshin da mutum zai rubuta ya same ku, wanda ke ƙarewa da .com ko .ne. Na biyu shi ne masaukin: wata kwamfuta ce a wani gini mai wuta da sanyi dare da rana, ana kiranta saba, can hotunanku da rubutunku suke zaune, duk wanda ya buɗe shafin daga can ake miƙo masa su. Na uku shi ne aikin ginin shafin kansa, wanda yaron zai yi. Ku ɗauka kamar rumfa ce a kasuwar Dole. Masaukin shi ne rumfar haya, in mai rumfa ya ɓata muku rai sai ku kwashe kaya ku koma wani layi. Amma sunan da mutane suka san ku da shi, wanda ke jikin katinku da ledarku da bakin abokan cinikinku, in ya zama na wani, to duk inda kuka koma ba wanda zai gane ku.

Abin da na fi gani yana karya ƴan kasuwa a nan ke nan. Yaro ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa da lambar wayarsa, saboda ya fi masa sauƙi, ba don mugunta ba. Shekara ta zagayo, ya samu aiki a Agadas ko ya tafi karatu waje, ya canza layi. Kamfanin rajista yana ta aika gargaɗi zuwa akwatin da ba mai buɗewa. Ranar da wa'adi ya cika shafi ya ɗauke, mai shago bai ma san sunan kamfanin da zai kira ba, in kuma ya gano ya kira, za su ce ba su san shi ba, domin a takardunsu ba shi ne mai abu ba. Ga sunan .com, bayan wa'adi ya wuce akwai ɗan lokacin alfarma da ya danganta da kamfani, sai kwana 30 na fansa da ake biyan tara mai tsada, sai kwana 5 na jira, daga nan a saki sunan duk wanda ya riga ya ɗauka. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su tsinci sunayen da suka faɗi su sayar wa masu su da tsada.

Don haka ku zauna tare da yaron a buɗe asusun a gabanku. Imel ɗin ya zama na shagon, wanda kalmar sirrinsa ke hannunku. Lambar waya ta zama taku. Sunan mai mallaka ya zama naku ko na kamfaninku yadda yake a takardar rajistar kasuwanci ta RCCM. Bayan haka sai ku ba shi izinin shiga ya yi aikinsa. Kamfanoni da yawa suna da hanyar ƙara ma'aikaci a asusu ba tare da an ba shi babbar kalmar sirri ba. Yaron kirki ba zai ji haushin wannan ba, shi ma an sauke masa nauyi ne. Ni har na fi son a yi rajistar suna a kamfani ɗaya a kama masauki a wani, don in rigima ta tashi da mai masauki sunan ba ya cikin abin da zai riƙe. Amma in hakan zai rikita ku, haɗa su wuri ɗaya ba laifi, muddin asusun naku ne.

Game da zaɓen suna, gajere ya fi, wanda za a iya faɗa a waya ba tare da an maimaita ba. Ku guji kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ in da hali, saboda a adireshi k da d da b za a rubuta, wani lokaci ma'anar ta sauya. Tunda kuna da masu saye a ƙasa uku, .com ya fi dacewa da ku. Yawanci kuɗinsa na tsakanin yuro 10 zuwa 15 a shekara, wato kamar sefa 7,000 zuwa 10,000. Ƙarshen .ne namu ne na Nijar, yana da kyau ga wanda harkarsa ta cikin gida ce ko yake hulɗa da ma'aikatu, .ng kuwa na Najeriya ne. Kada a ruɗe tsakaninsu.

Yanzu ga masaukin. Za a jero muku iri-iri. Akwai na haɗaka, inda shafuka da yawa ke raba saba guda. Akwai wanda ake ce wa VPS, inda ake yanka muku wani kaso na sabar ku kaɗai, amma kula da shi da tsaronsa suna wuyanku. Akwai kuma hayar saba sukutum. Ga shafin da zai nuna kayan fata ɗari ko ɗari biyu da farashi da lambar waya, na haɗaka ya wadatar, har ya yi rara. Kuɗinsa a kamfanonin Turai yawanci yuro 3 ne zuwa 10 a wata. In aka ce muku sai VPS, ku tambaya wa zai riƙa sabunta manhajarsa duk wata, wa zai tashi da dare in ya tsaya. In ba amsa, ku bar shi. VPS ɗin da ba mai kula da shi ya fi na haɗaka hatsari.

Kada kuma wani ya ce zai ajiye muku shafin a kwamfutar ofishinsa nan cikin gari. Kun san halin wutar NIGELEC a watannin Afrilu da Mayu, kun san yadda zafi ke kaiwa sama da digiri 40, kun kuma tuna 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Shafin da ke kwana a Damagaram zai riƙa ɗaukewa duk sanda kuran ya ɗauke.

To a wace ƙasa ya kamata sabar ta kasance? Nijar ba ta da bakin teku. Intanet ɗinmu yana bi ta wayoyin da ke ratsa maƙwabta ya kai gaɓar teku, daga can manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa su wuce da shi, akasarinsu zuwa Turai. Saboda haka saba da ke Faransa ko Jamus ko Holand ta fi ta Amurka ko Asiya kusa da mai waya a Zango, kuma ita ce kusa da masu sayenku na Faransa. Wasu kamfanoni suna ba mutum zaɓin wurin sabar lokacin saye, kada a bar wannan ga abin da na'ura ta zaɓa da kanta. In wata rana Kano da Legas suka zama rabin cinikinku, ana iya ɗora hidimar wani kamfani mai suna Cloudflare a gaban shafin. Yana da tsarin kyauta, yana ajiye kwafin hotuna a birane da yawa har da Legas, sai mai kallo ya samu daga wanda ya fi kusa da shi.

Akwai wani dalili na biyu da ya sa nake karkata ga Turai, kuma na aljihu ne. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro 1 sefa 655.957. Wanda ya kama masauki da yuro ya san abin da zai biya baɗi. Wanda ya kama da dalar Amurka yana bin hawa da saukarta. Kamfanoni irin su OVHcloud da LWS da o2switch a Faransa, da Infomaniak a Siwizalan, suna aiki da Faransanci, yaron da ya yi lakwal a nan zai iya rubuta musu matsala ya fahimci amsa ba tare da tafinta ba. Hostinger, wanda asalinsa na ƙasar Lituweniya ne, shi ma yana da shafi da taimako da Faransanci. Ban ce ga wanda za ku ɗauka ba, domin farashi da inganci suna sauyawa. Akwai kuma kamfanoni a Yamai da na Najeriya masu sayar da masauki, amfaninsu shi ne ana biya da kuɗin gida kuma akwai wanda za a kira a waya. Sai dai da yawa daga cikin ƙananan dillalai ne, a wajen manyan suke saro gurbi. Wannan ba aibi ba ne, amma ku tambaye su kai tsaye: sabar tana wace ƙasa, kuma in kun rufe harka gobe yaya zan kwashe kayana?

Biyan kamfanin waje sai da katin Visa ko Mastercard. Bankuna suna da katin da ake zuba wa kuɗi kafin a yi amfani da shi, irinsa nake ba da shawara, don ba a haɗe yake da babban asusunku ba. Ku tabbatar banki ya buɗe masa sayayyar intanet. Abin lura shi ne sabuntawa ta atomatik ba ta aiki in katin ba kuɗi ko wa'adinsa ya ƙare, kuma yawancin shafukan da ke mutuwa ta nan suke mutuwa. Ku rubuta ranar sabuntawa a littafin shago, ku biya saura wata guda. Sunan kuwa, in da hali, a biya masa shekara uku ko biyar a lokaci ɗaya, kuɗin ba shi da yawa. Ku sa adireshinku na gaskiya na Nijar wajen rajista, ku kuma duba ko farashin da aka nuna har da haraji ne ko babu.

A nan ne zan ja hankalinku sosai, wato farashin talla. Babban adadin da ke saman shafi da jan rubutu ba shi ne kuɗin masaukin ba. A ce an rubuta yuro 3 a wata. In kuka shiga ciki sai ku tarar sharaɗin shi ne a biya wata 48 a dunƙule, yuro 144, kusan sefa 94,500 a hannu ɗaya. In wa'adin ya cika kuma a ce sabuntawa yuro 8 ne a wata, shekara ta koma yuro 96, kusan sefa 63,000. Ba zamba ba ce, an rubuta, da ƙananan haruffa ne kawai. Ku nemi farashin sabuntawa, da shi za ku gwada kamfani da kamfani. A karon farko shekara ɗaya ta isa, har ku ga halinsu. Da yawa suna mayar da kuɗi cikin kwana 30 in mutum bai gamsu ba, amma kuɗin suna ba ya dawowa. A shafin biya kuma ku duba akwatunan da aka riga aka yi wa alama, a nan ake cusa ƙarin abubuwan da ba ku nema ba.

Kalmar "babu iyaka" kada ta ɗauke muku hankali. Ko'ina akwai iyaka, tana cikin sharuɗɗa, kan yawan fayiloli ko ƙarfin injin da aka ware muku. Ku kuma ba ku buƙatar wani fili mai yawa. Haka alƙawarin kashi 99.9 cikin 100 na zama a kunne: ma'anarsa shafi zai iya ɗaukewa kusan awa 9 a shekara, wanda ba komai ba ne. Kashi 99 kuwa ya fi kwana uku da rabi. Ɗigon nan da tara ɗin bayansa suna da nauyi.

Takardar tsaro da ake kira SSL, wadda ke sa adireshi ya fara da https, dole ce. Tun 2018 manhajar Chrome take rubuta cewa shafin da ba shi da ita ba amintacce ba ne, kuma mai saye daga Faransa in ya ga haka juyawa zai yi. Wata hukuma mai suna Let's Encrypt tana ba da ita kyauta, masaukin kirki yana sa ta kuma yana sabunta ta da kansa. Wanda ya ce sai kun biya wani kuɗi daban don wannan, ku wuce shi.

Sai kwafin ajiya, wanda shi ne abu na biyu da nake so ya kasance a hannunku bayan suna. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen sabobin OVHcloud a birnin Strasbourg. Babban kamfani ne, ba ɗan tsurut ba. Waɗanda suke da kwafi a wani wuri dabam sun tashi cikin ƴan kwanaki, waɗanda kwafinsu ke cikin wurin da ya ƙone sun rasa komai. Don haka ku tambayi kowane kamfani: sau nawa kuke yin kwafi, kwana nawa kuke riƙe shi, a ina yake, kuma mayar da shi kyauta ne ko da kuɗi? Duk amsar da suka bayar, kada ku tsaya nan. Duk wata, ko duk sanda aka ƙara kaya da yawa, yaron ya sauko da cikakken kwafi, fayiloli da rumbun bayanai duka biyun, a sa ɗaya a kile USB a ajiye gida, ɗaya a Google Drive na shagon. Sau ɗaya aƙalla a gwada tayar da shafin daga wannan kwafin. Na ga kwafin da aka yi ta tarawa wata da watanni, ranar buƙata aka buɗe aka tarar hotuna ne kawai, rubutu da farashi duk ba su shigo ba.

Akwai abin da ake ɗora wa masauki laifinsa alhali ba nasa ba ne, wato nauyin shafi. Hoton da wayar zamani ke ɗauka yakan kai mega 3 zuwa 5. A jera jakunkuna ashirin a shafi ɗaya da irin waɗannan hotuna, an kai mega 80. Ku tuna mai kallo a Mirya ko Magariya, rezo sanda biyu, forfensa na mega ɗari biyu ne. Zai ga farin allo, ya jira, ya fita, kuma an cinye masa kuɗi. In aka rage kowane hoto zuwa kilobait 150, ɗinkin jakar da launin jan fatar duk suna fitowa tas a waya, hotunan gaba ɗaya ba su wuce mega 3 ba. Wannan aikin ya fi sayen masauki mai tsada amfani. Kafin ku karɓi aiki, ku kashe wifi, ku buɗe shafin da layin Airtel, ku sake da na Moov ko Zamani, a waya mai araha ba ta yaron ba. Ku duba har da haruffanmu masu lanƙwasa, ko suna fitowa daidai ko sun zama akwatuna.

Mai yiwuwa da manhajar gina shafi da ake kira WordPress yaron zai gina shafin, kuma zaɓi ne mai kyau, domin sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da shi aka yi su, ko yaron ya tafi za ku samu wani ya ci gaba. Sai dai yawan masu amfani da shi ya sa ɓarayin intanet suka fi nemansa. Sharaɗi biyu nake so ku kafa masa. Kada ya sa ƙarin manhaja ko zanen shafi na sata, irin waɗanda ake sayarwa amma aka samo su kyauta a wani lungu, domin sau da yawa da ƙofar ɓarawo a cikinsu. Kuma a riƙa sabunta komai aƙalla sau ɗaya a wata. A asusun masauki da na suna a kunna tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa wata lamba daga waya kafin a shiga, lambobin ceto da za su ba ku a rubuta su a takarda a ajiye tare da takardun gida, saboda waya tana ɓata, layi yana rufewa.

Imel mai ɗauke da sunan shago yana ƙara kima, musamman wajen Turawa. Yawancin masaukai suna haɗawa da shi. Amma sai an saita abubuwa uku da ake kira SPF da DKIM da DMARC, masu tabbatar da cewa wasiƙar daga gare ku ta fito, in ba haka ba wasiƙunku za su iya faɗawa kwandon shara, tunda Gmail da Yahoo sun tsaurara sharuɗɗansu a 2024. Aikin ƴan mintuna ne ga wanda ya sani. Ku sa ya aiko muku da gwaji zuwa wani akwatin Gmail ku gani da idonku.

Batun karɓar kuɗi ta cikin shafi, shawarata ku jinkirta shi. Mai sayen jakar fata yana so ya yi magana, ya ga wani hoton, ya taya. Maɓallin WhatsApp a ƙarƙashin kowane kaya ya fi kwandon saye amfani a yanzu, biya kuma ta Nita ko Amana ko Al Izza ko Airtel Money yadda kuka saba. Hakan ya rage muku nauyin tsaro, domin ba ku riƙe da bayanan katin kowa. Ko sunaye da lambobin waya da kuke tarawa amana ne, kuma Nijar tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai kula da ita, don haka kada a tambayi mutum abin da ba a buƙata. Ku kuma buɗe bayanin shago a taswirar Google, kyauta ne, a sa adireshin shafin a ciki.

Wani zai ce tunda akwai Facebook da WhatsApp, me ya kawo wahalar shafi? Ku ci gaba da su, a can jama'a suke. Amma ana iya rufe asusu a wayi gari ba bayani, kuma baƙon da zai aiko kuɗi daga nesa ya fi natsuwa da wanda ke da adireshi nasa na kansa.

Kafin ku biya kowane kamfani, ku gwada su da tambaya. Yaron ya rubuta wa sashen taimako ranar Asabar da yamma, ya tambayi yadda ake ƙaura da shafi daga wajensu zuwa wani kamfani. Ku duba awa nawa suka ɗauka, kuma ko amsar ta taɓa tambayar ko kuwa rubutun da ake tura wa kowa ne. Ku sani kuma sunan .com da aka yi wa sabuwar rajista ba ya ƙaura sai bayan kwana 60, kuma ƙaurar tana buƙatar wata lambar sirri da kamfanin ya wajaba ya ba mai suna in ya nema.

Tayin yaron kuwa, ku karɓa, amma a raba shi gida biyu a takarda. Kuɗin suna da na masauki ku biya da katinku, rasit ya fito da sunanku. Ladansa na gini da na kulawa duk wata a yanka shi daban, a rubuta abin da ya ƙunsa: sabuntawa, kwafin ajiya, ƙara kaya nawa a wata, da kwana nawa zai ɗauka in an kira shi. Ranar miƙa aiki ku shiga kowane asusu da hannunku daga wayarku yana zaune, ku canza kalmomin sirri, ku karɓi kwafin farko, sannan ku cika masa sauran kuɗinsa.